Yawon tsibirai a Zanzibar ga wanda bai iya ruwa ba

Ni dai ban iya ruwa ba, gara in fara da wannan, don tun da na dawo Zariya duk wanda ya ga hoton nan da nake kwance rub da ciki a saman teku da gilashi a fuska tambayar da yake fara yi ke nan, wai yaushe na koyi iyo. Ban koya ba wallahi. Mu da muka taso a cikin birni in aka ji labarin ka bi yara kududdufi ko kun tafi Galma wanka, dukan da za ka sha a gida sai ya sa ka manta hanyar wajen, haka muka girma ruwanmu iyakarsa bokiti. Yanzu haka in aka jefa ni dam ɗin Kubanni sai dai a nemo masu ceto. Duk da haka na yi yawon tsibirai na yini guda a Zanzibar, na kwanta a kan ruwan da ƙafata ba ta taɓa ƙasansa na ga abin da ke ciki da idona, kuma ba jarumta ce ta kai ni ba, rigar ruwa ce mai hana nutsewa da bututun numfashi da haƙurin tsayawa yaro ƙarami ya koya maka abu a gaban jama'a.

Taro ne ya kai mu Darussalam, ni da wani babban malaminmu da Hajiya abokiyar aikinmu da wani saurayi da muke ce wa Auta don shi ne ƙaraminmu. Da aka tashi taron muka ce ai ba ma zo har nan mu koma gida ba mu taka Zanzibar ba. Jirgin ruwa na fasinja ake hawa daga Darussalam, wajen awa biyu ne. Mai niyyar zuwa ya sani bizar Tanzaniya ga mai fasfon Najeriya ba a filin jirgi ake buga ta ba, sai ka cika ta intanet tun kana gida a tura hedikwatarsu su amince, kuma tana cin makonni, sannan kar ka bar katin rigakafin shawara a durowa. Ita Zanzibar duk da tana cikin Tanzaniya tun haɗewar 1964 tana da gwamnatinta da shugabanta, har fasfo suke dubawa in ka sauka a tasharsu, kuma tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙo sai ya sayi inshorar tsibirin ta dala 44 ko da ya zo da wata daga gida.

Jirgin yawo kuwa ba sai ka nema ba, shi zai neme ka. Da yamma in ka sauko bakin ruwa wajen lambun Forodhani a tsohon garin nan Stone Town, kafin ka yi taku goma 'yan kamasho sun kewaye ka kowa da hotuna a waya, ga kunkuru ga farin yashi ga kifi a faranti. Farashin farko da suka faɗa mana na Turawa ne. Hajiya ce ta karɓi cinikin, mace ce da ta goge da kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari, ta yi tayin da ni kaina sai da na sunkuyar da kai, ta juya kamar za mu wuce, sai ga kuɗi ya sauko sosai. Amma saukowar kuɗin ba ita ce cinikin ba, cinikin shi ne me da me ke cikin kuɗin. Jirgin namu ne mu kaɗai ko za a cusa mana wasu, kuɗin shiga tsibirin kunkuru yana ciki ko a ƙofa za mu biya, ashe a ƙofa ne dabam yake, abincin rana fa, gilashi da bututu kowa da nasa ne ko guda biyu za a riƙa karɓa-karɓa, sannan uwa uba rigar ruwa. Na ce sai na ga rigunan da idona na gwada, ɗan kamashon ya yi dariya ya ce ba matsala, na ce a'a ni a wajena akwai matsala, dole ya kai ni gun mai jirgin. Biyu daga ciki igiyoyinsu sun tsinke maɓallin ba ya kamawa, na ce a canza kafin safe. Kafin alƙalami kaɗan muka ajiye, sauran sai mun dawo tudu lafiya.

Wajen tsai da lokaci a yi hankali. Mutanen can daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wajensu, to in mai jirgi ya ce maka ƙarfe biyu 8 na safe yake nufi, ka sa ya nuna maka a agogo kawai a wuce wajen. Kuma lokacin ma ba shi ke yanke shi ba, teku ne. Sau biyu yake cika ya janye tsakanin dare da rana, kullum lokacin yana matsawa gaba da wajen minti 50 saboda wata ne ke jan ruwan, kuma a gaɓar nan tsakanin cika da janyewa yana iya kai mita 4 in wata ya cika ko yana sabo. Ɗaya daga wuraren da za mu tudun yashi ne a tsakiyar ruwa wanda ba ya fitowa sosai sai ruwa ya janye, ranar tamu wajen azahar ne zai janye, shi ya sa aka tsara mu fara da kunkuru, mu shiga ruwa, sannan mu ci abinci a kan yashin. Wanda ya je bayanmu da mako ɗaya tsarin nasa zai iya juyewa gaba ɗaya.

Jirgin na katako ne dogo da rumfar tamfol da inji a baya, mutum biyu ke aikinsa, kyaftin da wani yaro da bai fi shekara 18 ba. Babu gada babu matakala, jirgin na cikin ruwa kai ne za ka shiga har gwiwa ka kama gefe ka haye. Hajiya ta yi shirinta tsaf, dogon wando da riga mara nauyi har gwiwa da ƙaramin hijabi mai kama kai, babban ta ninke shi a jaka don a cikin ruwa buɗewa yake ya yi nauyi ya rufe wa mutum fuska. Malam kuwa ya fito da kaftanin shadda ya sha guga da hula da takalmi sau ciki. Na ce "Allah ya gafarta Malam, da an sa wani abu mai sauƙi." Ya ce shi kallo zai yi ba wanka ba. Ya naɗe wando Auta ya riƙe masa takalma, igiyar ruwa ɗaya ta taso ta jiƙa shaddar har ƙugu, bai ce uffan ba mu ma ba wanda ya yi gigin dariya sai da ya ba mu baya.

Tsibirin farko Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku, bai kai kilomita 6 daga gari ba, wajen rabin awa muka yi. A da can masu bayi na kai bayin da suka gagare su wajen, a 1893 Lloyd Mathews, Baturen da ke riƙe da muƙamin firaminista a fadar Sarkin Zanzibar, ya sayi tsibirin aka gina kurkuku, amma ba a taɓa kulle fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wajen killace matafiya saboda shawara. Abin da ke kai mutane yanzu kunkuru ne. A 1919 gwamnan Ingila na Seychelles ya aiko da guda huɗu kyauta, irin na tsibirin Aldabra, su ne suka hayayyafa. Babban cikinsu in ya kwanta kamar an kife tukunyar girkin biki, yana haura kilo 200, kuma an rubuta shekarun wasu da fenti a bayansu, akwai waɗanda suka wuce 100. Lokacin da muka je ana ba ka ganye ka miƙa musu, in ka sosa wa ɗaya wuya sai ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa ya tsaya cak yana jin daɗi. Ga ɗawisu suna yawo. Abin kallo ne ba musu, amma ni a ganina rabin awa ta isa, wajen cike yake da mutane kowa na neman selfi da kunkuru ɗaya, kuma duk mintin da ka ɓata nan daga lokacin shiga ruwa ake cire shi.

Daga nan muka nufi kusa da wani tsibirin, Bawe, kyaftin ya kashe inji a inda ruwan ya canza launi daga shuɗi mai duhu zuwa kore garau har kana hango duhu-duhun duwatsu a ƙasa. Nan yaron ya zaunar da mu ya fara darasi da guntun Turancinsa da hannu. Gilashin ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyar ba, ka ja iska da hanci, in ya manne bai faɗo ba to naka ne, in ya faɗo nemi wani. Nawa sai faɗowa yake, ya kalle ni ya nuna gashin bakina, ashe gashin baki ke hana robar kama fata ruwa ya riƙa tsiyaya ciki. Wannan fa matsalar yawancinmu ce maza. Hajiya ta ciro basilin daga jaka na shafe gashin bakin ya kwanta, ya taimaka sosai ko da yake bai hana gaba ɗaya ba. Sai ya ce kowa ya tofa yawu a cikin gilashin ya goga da yatsa ya ɗauraye, wai shi ke hana shi yin hazo, Hajiya ta ce a'uzubillahi, amma da ta ƙi yi nata ya rufe ruf ba ta ganin komai sai da ta dawo ta tofa. Bututun kuwa akwai robar da kake kamawa da haƙori a hankali leɓe ya rufe ta, da baki kaɗai za ka shaƙa ka fitar, hanci na cikin gilashi ya tafi hutu. In ruwa ya shiga bututun kar ka ja, ka hura da ƙarfi sau ɗaya zai fice ta sama. Mu da ruwan gora da sabulu muka wanke robar tukuna don Allah kaɗai ya san bakuna nawa ta shiga, wanda ke da ƙyanƙyami ya sayi nasa a gari, ana sayarwa a shaguna.

Akwai tsanin ƙarfe a gefen jirgin, ta nan na sauka, rigar ruwa a ɗaure tam, yaron na ciki da wata tayar ceto mai igiya ya ce in riƙe. Minti na farko ba daɗi, ba zan ɓoye ba. Jiki ƙin yarda yake, hanci na neman iska gilashi na manne maka a fuska, sai ka ɗago kai da sauri, da ka ɗago ƙafafu su yi ƙasa bakin bututu ya karkata ruwan gishiri ya cika maka baki. Yaron sai cewa yake kwanta kwanta yana buga tafin hannu a kan ruwa. Duk dabarar a nan take, ka saki jiki ka miƙe kamar mai barci ka bar fuska a ciki, rigar ba za ta bari ka nutse ba, kuma ruwan teku da kansa ya fi na kogi ɗaga mutum saboda gishiri, wajen giram 35 ne a kowace lita. Na ƙirga numfashi a hankali, ɗaya biyu uku, sai kawai na ji hayaniyar sama ta ɗauke, ba abin da nake ji sai numfashina a bututu da wani ƙas ƙas ƙas da ke tasowa daga duwatsun.

Kai jama'a. Ƙananan kifaye masu ratsin baƙi a tsaye suka zo garke guda har gaban gilashina ba ruwansu da ni, ga wasu shuɗaye 'yan mitsi-mitsi da ke ɓuya cikin reshen murjani lokaci ɗaya in inuwarka ta gifta su fito lokaci ɗaya, ga wani kore da shuɗi mai baki irin na aku yana gatsar dutse ana jin ƙarar, irinsa ne ke niƙa murjani ya kasayar da shi ya zama farin yashi. Ga mai ruwan lemo da farin ɗamara yana leƙowa daga cikin wata halitta mai gashi-gashi da ke kaɗawa. A ƙasa kuma bushiyar teku ce baƙa mai dogayen ƙayoyi a cushe cikin ramuka, ita ce dalilin da ya sa ba a tsayawa da ƙafa ko da ruwan bai da zurfi, ƙayar karyewa take a cikin nama. Gilashin na yaudara, komai sai ya yi maka kamar ya fi girmansa da kashi ɗaya cikin uku kuma ya matso kusa, na miƙa hannu ina ganin zan taɓa dutse ashe da saura da yawa.

Murjanin nan da ake gani kamar dutse ko busasshen icce halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne dubbai suke gina shi a hankali shekara da shekaru. Kuma gaskiya ba duka ke da kyan gani ba, wurare da yawa ya karye ya yi toka-toka, wani ƙarfen tsai da jirgi ne ya fasa shi wani ƙafar 'yan yawo, ga kuma zafin teku da ya kashe da yawa a Tekun Indiya a 1998 da 2016. Su ma masu jiragen ba su bari, wani jirgi kusa da mu na ga yaronsu ya nutsa ya ciro tauraron teku ja yana miƙa wa baƙi suna hoto da shi a iska, alhali a cikin ruwa yake numfashi. Auta ya ce shi ma a ciro masa na ce kar ya soma, ya ɗauke shi a inda yake, ai wayar tasa na cikin jakar roba ta shiga ruwa.

Da na ɗago na ga jirgin ya yi nisa fiye da zatona, ruwa na tafiya da mutum bai sani ba, shi ya sa yaron ke cewa a riƙa ɗago kai ana duba jirgi. Ya ja ni da igiya muka koma. Malam na zaune a rumfa yana jin yadda muke ta ihu, na ce "Malam wallahi in ba a leƙa ba an yi asarar kuɗin jirgi." Ya yi shiru, can sai ya cire hula ya miƙa wa Hajiya ya tuɓe kaftani ya rage singileti da wando aka ɗaura masa riga. Bai saki tsanin ba ko sau ɗaya, hannu biyu ya riƙe shi ya tsoma fuska kawai, amma ya daɗe a haka, muna jin wani gunaguni na fitowa ta saman bututun, da ya ɗago muka tambaya ya ce tasbihi yake.

Tudun yashin Nakupenda sunansa. Ba bishiya ba ciyawa ba gini, farin yashi ne zalla ruwa ya kewaye shi, kana hango Stone Town can nesa. Masu jirage ke kafa sanduna su ɗaura tamfol su hura gawayi. Farin yashin na kashe ido in ba baƙin tabarau, kuma kar wani ya ce maka baƙar fata ba ta ƙonewa, ƙeyata da bayan ƙafafuna da suka sha rana ina kwance a ruwa sai da suka saɓule daga baya. Abubuwa biyu da ba sa cikin hotunan 'yan kamasho, na farko babu banɗaki sam, mai iyali ya san da wannan tun daga gari, na biyu Turawa da shigar wankansu ko'ina, mu dai muka roƙi kyaftin ya kafa mana rumfa can ƙarshen yashin, bai yi mamaki ba don su ma kusan duk Musulmi ne.

Azahar ta yi, ruwan gorarmu ya yi ƙasa, ina tunanin alwala Malam ya ce ga ruwa nan iya ganinka, ai hadisi ya ce ruwan teku mai tsarki ne kuma mushensa halal ne. Muka yi da shi, kurkurar baki kam sai a hankali. Na daidaita zan fuskanci gabas yadda muka saba, kyaftin ya kamo kafaɗata ya juya ni, a Zanzibar alƙibla arewa take kusan sak don Makka na saman su ne. Malam ya ja mu raka'a biyu ƙasaru a kan tawul, kyaftin da yaronsa suka cika tasu.

Abinci ya sauka, gasasshen kifi da jatan lande manya da dankali soyayye da wannan halittar mai hannu takwas an yanka ta gunduwa-gunduwa, sai kankana da abarba da mangwaro da kwakwa. Mai hannu takwas ɗin tana da ɗan tauri amma da lemon tsami da barkono ta yi daɗi, ni na ci. Malam ya ture ta gefe. Auta ya ce "Malam ba yanzu aka ce halal ba ne?" Ya ce halal ne ɗana amma ba wajibi ba ne.

Muna cikin shan kwakwa na lura jirgin da muka bari a kan yashi ya fara lilo, ruwan ya dawo ba hayaniya ba komai, kowace igiya na ɗara ta baya da ɗan taƙi, takalman wasu da suka ajiye a gefe sun fara yawo. Kyaftin bai duba agogo ba ya ce a naɗe. Cikin ɗan lokaci duk rumfunan sun sauka, aka kwashe shara aka zuba a buhu, filin da muka yi salla ya zama ruwa har idon sawu.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Da yamma iska ke tashi, musamman daga Afrilu zuwa Satumba da take busowa daga kudu, jirgin na hawa yana dukan ruwa feshin na shigowa ta gaba, duk wanda ke zaune a goshin jirgi ya jiƙe sharkaf. Auta da ya fi kowa cika baki da safe shi ya fara amai, kyaftin ya ce ya koma tsakiya ya daina kallon waya ya kafa ido a kan ginin gari da ba ya motsi, ya ɗan samu sauƙi. Da muka taka ƙasa muka cika wa mai jirgi kuɗinsa, yaron kuwa a hannunsa na damƙa masa nasa ihisanin ban bi ta kan kowa ba, don shi ya yi aikin. Jiki duk gishiri ya bushe fari fat, muka yi wanka muka yi la'asar a gari.

Bayan magariba muna Forodhani muna shan ruwan rake da citta da lemon tsami sai ga ɗan kamashon jiya da sababbin hotuna, wai gobe akwai Mnemba can arewa maso gabas, ruwan ya fi wannan haske kuma murjanin ya fi rai. Hajiya har ta ajiye kofi ta fara taya masa. Malam ya ce "Hajiya a yi haƙuri, shadda ɗaya ta rage min busasshiya kuma da ita zan sauka Kano."